Yadda imel ya riƙa tsallaka iyaka kafin intanet ta haɗe kan kwamfutoci

Duk wanda ya buɗe imel a yau, suna yake rubutawa, sai alamar @, sai sunan kamfani ko makaranta, ya danna turawa. Bai san ta ina saƙon zai bi ba, ba kuma ruwansa da sani. Wannan kwanciyar hankali sabuwa ce, da wahala aka same ta. A tsakiyar shekarun 1980, malamin jami'a a Amurka da ke son rubuta wa abokin bincikensa a wata jami'ar sai ya fara tambaya: wace cibiyar sadarwa kwamfutarku take ciki? Amsar ce za ta nuna masa irin adireshin da zai rubuta, wani lokaci har da jerin kwamfutocin da saƙon zai ratsa ɗaya bayan ɗaya. Adireshi irin wannan ba baƙo ba ne a lokacin:

wane%kwamfuta.bitnet@wiscvm.wisc.edu

Cibiyoyin wancan zamani barkatai suke, kowace da masu ita da dalilin kafa ta. ARPANET, wadda aka fara a 1969 da kuɗin Ma'aikatar Tsaron Amurka, ita ce mafi ƙarfi, kuma a kanta ne Ray Tomlinson na kamfanin BBN ya aika saƙo daga wata kwamfuta zuwa wata a 1971, ya ɗauko alamar @ ya raba sunan mutum da sunan na'ura. Amma ƙofarta a rufe take ga duk wanda ba ya yi wa ma'aikatar tsaro aikin bincike. Yawancin jami'o'in Amurka ma suna waje, balle na sauran duniya. Waɗanda aka bari a baya ba su zauna jira ba, kowa ya duba abin da ke hannunsa ya ƙulla tasa.

Masu amfani da Unix, wato wata babbar manhaja mai tafiyar da kwamfuta, suna da manhajar UUCP, wadda Mike Lesk ya rubuta a ɗakin binciken Bell na kamfanin AT&T, aka rarraba ta tare da Unix bugu na bakwai a 1979. Aikinta mai sauƙi ne: kwamfuta ta kira wata ta layin tarho, su yi musayar fayilolin da suka taru, su kashe waya. Akasari da dare ake kiran, lokacin da kuɗin tarho ya sauka. Kowace kwamfuta maƙwabtanta kaɗai ta sani, wato 'yan kaɗan ɗin da take da lambobinsu. To yaya saƙo zai kai inda ba maƙwabci ba? Mai aikawa ne zai rubuta hanyar da kansa, yana raba sunayen da alamar motsin rai: ucbvax!decvax!kwamfutarsu!wane. Ma'ana a miƙa wa ucbvax, ita ta miƙa wa decvax, ita kuma ta miƙa wa kwamfutarsu, can a sa a akwatin wane. Kowace ta karɓa sai ta cire sunanta daga gaba ta dubi na biye. Wanda ya taɓa ba direba wasiƙa a tashar Kano, ya ce masa in ya isa Maraɗi ya ba direban Tawa, shi kuma ya ajiye a shagon wane a bakin kasuwa, ya san tsarin nan ciki da waje. Saƙo na isa, amma sai mai aikawa ya san direbobin, kuma ran da ɗayansu ya daina bin hanyar, shi ke nan.

Shi ya sa mutane kan ba da adireshinsu daga wata sananniyar kwamfuta da kowa ya san yadda zai kai gare ta. A ƙasan wasiƙa za ka ga sunaye uku, decvax da ihnp4 da ucbvax, wato ka kai kanka ɗaya daga cikinsu, daga nan ga ragowar hanya. Ta farko ta kamfanin DEC ce, ta biyu ta AT&T a jihar Illinois, ta uku ta Jami'ar Kalifoniya a Berkeley. Akwai kuma seismo, ta wata cibiyar nazarin girgizar ƙasa kusa da Washington, wadda ta riƙe layin da ke tsallaka teku zuwa mcvax a Amsterdam, ƙofar Turai. Waɗannan manyan kwamfutoci saƙon mutanen da ba su sani ba suke ɗauka, kuɗin tarhon kuma masu su ke biya, ba tare da wata doka ta tilasta musu ba. Injiniyoyi ne suka ga amfanin abin suka ɗora shi a kan kasafin ma'aikatunsu. Da nauyin ya yi yawa, Rick Adams, mai kula da seismo, ya kafa UUNET a 1987 domin a riƙa biyan kuɗin wannan ɗawainiya a fili.

Masu manyan injunan IBM nasu daban. A 1981 Ira Fuchs na Jami'ar Birnin New York da Greydon Freeman na Yale suka haɗa kwamfutocinsu da layin haya, aka samu BITNET. Sharaɗin shiga shi ne ka yi hayar layi zuwa makarantar da ta riga ka, ka kuma yarda wata ta rataya a jikinka kyauta. Ƙa'idar da suka ɗauka asalinta ta tura aiki ce tsakanin manyan injuna, don haka wasiƙa tana tafiya a siffar katunan da ake hudawa a da don shigar da bayanai cikin kwamfuta, layi harafi 80, sunan mutum da na kwamfuta kada ya wuce harafi takwas. A shekarar dai, Hukumar Kimiyya ta Amurka ta ba da kuɗi aka kafa CSNET domin sassan kimiyyar kwamfuta da ba su samu shiga ARPANET ba. Masu injunan DEC suna rubuta kwamfuta::wane, ruwa biyu sau biyu. FidoNet, wadda Tom Jennings ya fara a 1984 don masu ƙananan kwamfutoci a gida, lambobi take ji, CompuServe ta 'yan kasuwa ma lambobi biyu ne da waƙafi a tsakani. Abin ya kai a 1989 Donnalyn Frey da Rick Adams suka fitar da littafi guda a kan yadda ake rubuta adireshi daga wannan cibiya zuwa waccan, sunan littafin ma alamomin ne kansu: !%@::

Abin da ya haɗa su duka shi ne mashigi, wato kwamfutar da take 'yar gida a cibiyoyi biyu. Kada a ɗauka wayoyi kawai take jonawa. Bayanan ARPANET ba za su iya tafiya a layin BITNET ba ko da an haɗa wayoyin, domin ba yare ɗaya suke ji ba. Mashigi yakan karɓi wasiƙar dukanta bisa ƙa'idar cibiya ta farko, ya ajiye a faifansa, ya warware ta, ya sake rubuta adireshin mai karɓa da na mai aikawa, ya naɗe ta bisa ƙa'idar cibiya ta biyu, sannan ya jira hanya ta buɗe ya tura. Wannan ne ya sa imel ya riga komai haɗe duniya. Shiga wata kwamfuta daga nesa yana buƙatar layi buɗaɗɗe daga wannan ƙarshe zuwa wancan a lokaci guda. Wasiƙa kuwa tana iya kwana a hanya.

A watan Agustan 1982 aka fitar da takardu biyu da har yau su ne ginshiƙin imel: RFC 821 ta Jon Postel, kan yadda kwamfutoci ke miƙa wa juna saƙo, da RFC 822 ta David Crocker, kan siffar wasiƙar. Tsarin da suka kafa yana da wata hikima: abin da ke hagu da @ ba ruwan kowa da shi sai kwamfutar da sunanta ke dama. Masu ɗauka su dubi dama kawai, su kai. Mutane suka ga ƙofa a nan. In kana ARPANET kana son kai saƙo ga wane a BITNET, sai ka ɓoye adireshinsa na gaskiya a hagu, ka maye @ ɗinsa da %, ka sa sunan mashigi, wato wiscvm ta Jami'ar Wisconsin, a dama. Duk kwamfutocin da ke hanya za su ɗauka wani ma'aikacin Jami'ar Wisconsin ne mai dogon suna. Sai saƙon ya isa wiscvm, ita za ta cire sunanta, ta mai da % ya koma @, ta ga ashe na BITNET ne, ta tura. Ana iya jera % biyu ko uku, ana warware su daga dama zuwa hagu. Ba wata takardar ƙa'ida da ta ƙirƙiro dabarar. Al'ada ce ta bazu, har RFC 1123 ta 1989 ta zo ta same ta a ƙasa ta yi magana a kanta. Wisconsin ta riƙe wannan aiki zuwa ƙarshen 1987, sannan ya koma hannun wasu, musamman cunyvm a New York.

Rikici ya tashi ne inda alamomin suka haɗu a adireshi ɗaya. Ɗauki a!wane@b. Kwamfutar UUCP daga hagu take karatu: a kai wa a, ita ta san yadda za ta yi da wane@b. Ta ARPANET kuwa @ take fara nema: a kai wa b, ita ta san yadda za ta yi da a!wane. Adireshi ɗaya, hanya biyu masu saɓa wa juna, kuma kowace kwamfuta tana da gaskiya bisa dokar gidansu. Takardar RFC 976 ta 1986 ta ba da shawarar a fifita @, amma shawara ce, dubban kwamfutocin UUCP ba mai iko da su.

Abin da ya fi ci wa mutane tuwo a ƙwarya shi ne amsa. Dole wanda ya karɓi wasiƙa ya iya mayar da martani ya koma inda ta fito, don haka kowane mashigi sai ya gyara layin mai aikawa ya ƙara sunansa a ciki. In ɗaya ya manta, ko ya gyara ta yadda na gaba bai gane ba, wasiƙa za ta isa lafiya amma ba ta amsuwa. Mafi muni, in ba ta isa ba, sanarwar gazawar ma ba ta san hanyar komawa ba, sai mai aikawa ya zauna jiran amsar wasiƙar da ba wanda ya gani. Akwai kuma masu kula da mashigai da ke ganin sun fi mai aikawa sanin hanya, su share wadda ya rubuta su sa tasu. Wani lokaci su dace. Wani lokaci sunan kwamfutar ƙarshe ya zo ɗaya da na wata a wani gari, tunda da farko ba mai rajistar suna a UUCP, sai wasiƙa ta sauka gidan da ba nata ba. An daɗe ana cacar baki a kan haka, kuma ni ina ganin masu cewa a bar wa mai aikawa hanyarsa sun fi hujja, domin wanda taswirarsa ba ta cika ba bai kamata ya gyara wa wani ba.

Eric Allman a Berkeley ya tsinci kansa a tsakiyar wannan, domin jami'arsa tana da ARPANET, tana da UUCP, tana kuma da ƙaramar cibiya ta cikin gida. Ya rubuta delivermail a 1979, sannan sendmail wadda ta fito a 1983. Bai sa manhajar ta nace wa siffar adireshi ɗaya ba. Ya ba ta ƙaramin yare na dokoki wanda mai kula da kwamfuta zai tsara: in ka ga adireshi mai siffa kaza, mai da shi kaza, ka miƙa wa kaza. Fayil ɗin dokokin ya yi ƙaurin suna wajen wuyar karatu, sai dai masu kushe shi kan manta irin duniyar da aka rubuta shi dominta.

Birtaniya ta ƙara nata. Cibiyar jami'o'inta, JANET, wadda ta fara aiki a 1984, tana rubuta sunan kwamfuta daga babba zuwa ƙarami: uk.ac.ucl.cs, ƙasa tukuna, sai rukunin makarantu, sai jami'a, sai sashe. Amurkawa daga ƙarami suke farawa: cs.ucl.ac.uk. Mashigin da ke Kwalejin Jami'a ta Landan, inda Peter Kirstein ya haɗa Birtaniya da ARPANET tun 1973, shi ke juya sunayen. Tunda mutane kan rubuta ta kowace fuska, manhajoji sai su yi hasashe, su duba wane ƙarshe ne ya yi kama da sunan ƙasa. Hasashen ya yi aiki har lokacin da Cekoslobakiya ta samu nata sunan, cs, wanda ya zo daidai da taƙaitaccen sunan sassan kimiyyar kwamfuta. Daga nan adireshi ɗaya ya zama mai karantuwa ta fuska biyu, wasiƙun da aka nufi wani sashe a Ingila da su suka riƙa kama hanyar tsakiyar Turai. Ragowar wancan zamani tana nan har yau: Birtaniya tana amfani da uk maimakon gb, lambarta a jerin hukumar ISO, saboda jami'o'inta sun riga sun saba da uk.

Ko adireshi ya yi daidai, cikin wasiƙar ba ya tsira. Injunan IBM suna ajiye haruffa da tsarin EBCDIC, sauran da ASCII, kuma babu teburin juyawa guda da kowa ya yarda da shi. Haruffan a zuwa z da lambobi suna wucewa lafiya, amma baka mai kusurwa da baka mai lanƙwasa da alamomi irin ~ da ^ sukan shiga mashigi su fito wani abu daban. Ga mai gaisuwa ba komai. Ga wanda ya aiko da manhajar da ya rubuta a yaren C, mai cike da irin waɗannan alamomi, aikinsa ya lalace. Layin da ya wuce harafi 80 a yanke shi ko a naɗe, sararin ƙarshen layi a share, fayil ɗin da aka mai da rubutu da dabarar uuencode ya isa ba ya buɗuwa. Da Nathaniel Borenstein da Ned Freed suka fitar da ƙa'idar MIME a 1992, sun zaɓi haruffa 64 da ba sa canjawa a kowane irin mashigi, suka taƙaita layi a harafi 76. Duk hoton da ka maƙala a imel yau a wannan siffa yake tafiya, yana ƙara kusan kashi ɗaya cikin uku na girmansa, saboda mashigan da aka rufe tuntuni. Ta wannan ƙa'ida ce kuma, da ta ba wasiƙa damar faɗin tsarin haruffan da aka rubuta ta da shi, ƙ da ɗ da ɓ suka samu shiga imel daga baya. A zamanin mashigai ba su da gurbi ko kaɗan.

Hukumomin tarho na duniya sun ce maganin hargitsin a tsara ƙa'ida ɗaya daga sama. A 1984 kwamitin CCITT ya fitar da X.400, aka sabunta ta a 1988, gwamnatocin Turai da ta Amurka suka ce nan gaba irinta za a bi. A takarda ta fi RFC 822 cika. A aikace sai ta zama ƙarin cibiya guda mai buƙatar mashigi, kuma mafi wuyar fassara. Steve Kille a Landan ya rubuta RFC 987 a 1986 don wannan, aka yi ta sabunta ta har 1998. Babban aibinta a ganina shi ne ta cusa sunan hukumar da ke ɗaukar saƙonka cikin adireshinka, wato an sake mai da hanya cikin suna. Yau ta rage ne a wurare irin saƙonnin zirga-zirgar jiragen sama da na soja.

Mafitar gaskiya ta zo ne da aka sauke wa mutum nauyin sanin hanya aka ɗora wa na'ura. A ɓangaren UUCP, 'yan sa-kai suka fara tattara taswira. Kowane mai kwamfuta ya aiko da sunayen maƙwabtansa da yadda yake yawan kiransu, a buga a Usenet, dandalin muhawara da ke yawo ta UUCP, manhajar pathalias ta Steve Bellovin da Peter Honeyman ta lissafa hanya mafi sauƙi zuwa kowace kwamfuta. A ɓangaren intanet, fayil guda da cibiyar SRI ke riƙewa mai ɗauke da sunan kowace na'ura ya gaza, Paul Mockapetris ya tsara DNS, tsarin neman kwamfuta da sunanta, a 1983, aka raba ikon ba da suna hawa-hawa. Sai a watan Janairun 1986 Craig Partridge, mai aiki da CSNET, ya fitar da RFC 974, wadda ta bayyana yadda za a tura imel da wani bayani na cikin DNS da ake kira MX.

A wurina wannan ne abu mafi muhimmanci a dukan labarin. MX cewa yake: duk wasiƙar da aka aiko wa suna kaza, a kai wa kwamfuta kaza, in ba ta nan a kai wa kaza. Sunan da ake aika wa ba dole ne ya zama na kwamfutar da ke kan intanet ba. Ƙaramar kwaleji mai kiran tarho sau ɗaya a dare tana iya rajistar sunanta, ta roƙi wani mai cikakken layi ya zama MX ɗinta, ya riƙe mata wasiƙu har ta kira. Mai aikawa ba zai ga bambanci ba. Mashigin yana nan, fassarar tana nan, jiran dare yana nan, amma ba wanda ake nema ya haddace su. FidoNet ta bi wannan hanya, lambobinta suka zama suna a ƙarƙashin fidonet.org. CompuServe da MCI Mail, wata cibiyar imel ta 'yan kasuwa, suka buɗe mashigansu a 1989, waƙafin CompuServe ya koma ɗigo. Sunaye irin bitnet da uucp a ƙarshen adireshi, waɗanda ba a taɓa shigar da su DNS a hukumance ba, suka riƙa ɓacewa. Ana yawan ba da labarin kamar intanet ce ta fara kayar da sauran sannan adireshi ya zama ɗaya. Adireshin ne ya fara zama ɗaya tun cibiyoyin suna raye, kuma hakan ya ba makaranta damar barin tsohuwar cibiyarta ta koma intanet ba tare da abokan hulɗarta sun lura ba. An rufe ARPANET a 1990, CSNET a 1991, BITNET ta ja har 1996.

Wanda ke ganin wannan tsohon zance ne ya duba wayarsa. Mai WhatsApp ba ya iya aika wa mai Telegram, mai Telegram ba ya iya aika wa mai Signal, alhali duk a intanet ɗaya suke, babu EBCDIC babu kiran dare. Injiniyoyin 1985 sun haɗa cibiyoyin da fasaha ta raba. Na yau kasuwanci ne ya raba su, har sai da Tarayyar Turai ta kafa doka kan manyan kamfanonin fasaha tana tilasta wa WhatsApp buɗe ƙofa ga wasu manhajojin.

Ita ma amanar da aka gina imel a kanta ba ta ɗore yadda take ba. Kwamfutar da ke karɓar saƙon kowa ta tura wa kowa, wadda a da alamar kirki ce, a tsakiyar shekarun 1990 ta zama kayan aikin masu watsa tallan banza: su miƙa mata wasiƙa ɗaya da tarin adireshi, ta yi musu dako ta kuma ɓoye asalinsu. A 1998 sendmail ta fito da bugun 8.9 wanda ba ya tura saƙon baƙo sai an ba shi izini, RFC 2821 ta 2001 kuma ta ce a daina rubuta hanya cikin adireshi.

Kafin a kai nan, mashigai sun riga sun yi aikinsu mafi girma, wato shigar da ƙasashen da ba su da layi. Ta CSNET imel ya isa Karlsruhe ta Jamus a 1984, ta Karlsruhe kuma saƙon Beijing ya fita a watan Satumban 1987, masu Unix na Mosko suka bi ta Finlan da UUCP a 1990. Afirka ce ta fi kowa daɗewa a wannan mataki, domin layin haya zuwa Turai ya fi ƙarfin kusan kowace jami'a, layukan tarho kuma ga tsada ga yankewa. A ƙarshen shekarun 1980 Jami'ar Rhodes da ke Grahamstown a Afirka ta Kudu, lokacin ƙasar tana ƙarƙashin takunkumi saboda wariyar launin fata, ta samu imel ta FidoNet zuwa kwamfutar Randy Bush a Portland, shi kuma ya miƙa gaba. A farkon shekarun 1990 ƙungiyar GreenNet a Landan ta riƙe mashigin GnFido, mai kiran ƙananan kwamfutoci a birane irin Nairobi, Harare da Addis Ababa yana kwashe wasiƙun ƙungiyoyi da masu bincike. Daga Landan ake kiran domin ya fi araha. A ƙasashe masu Faransanci, cibiyar binciken Faransa ORSTOM ta shimfiɗa RIO a kan UUCP, da rassa a Dakar, Bamako, Wagadugu, Yawunde da Yamai, saƙonni suna bi ta Montpellier. A Najeriya, shirin RINAF na UNESCO, wanda Italiya ta ɗauki nauyinsa, ya haɗa Kwalejin Fasaha ta Yaba a Legas da cibiyar CNUCE a Pisa, kuma da aka ba da sunan ng a 1995, daga Italiya aka fara kula da ɓangaren fasaharsa.

A irin waɗannan wurare akan biya kuɗi bisa nauyin saƙo, sau da yawa har da mai shigowa, don haka wanda ya aiko maka da babban fayil daga Turai bai san ya ɗora maka bashi ba. Wasiƙa kan yi yini ko kwana kafin ta isa. Duk da haka mai bincike a Yamai yana da adireshi mai siffa ɗaya da na takwaransa a Faris, yana shiga muhawarar masana, yana neman takardun da ɗakin karatunsa ba shi da su, har akwai kwamfutocin da za ka aika wa umarni ta imel su ɗebo maka fayil su aiko maka gunduwa-gunduwa. Gana ta samu cikakken haɗin intanet a 1995, Najeriya da Nijar suka biyo baya ba da jimawa ba, mashigan tarho suka fara rufewa ɗaya bayan ɗaya. Da yawa daga cikin waɗanda suka koyi aiki a kansu, suna fama da modem, na'urar haɗa kwamfuta da layin tarho, da dokokin sendmail cikin dare, su ne suka kafa kamfanonin intanet na farko a ƙasashensu. Wasunsu suna cikin waɗanda suka haɗu a Cape Town a 2000 a taron farko na AfNOG, ƙungiyar masu kula da cibiyoyin sadarwa na Afirka, wadda har yanzu take horar da injiniyoyi.